Yadda Baba Ya Yi wa Yaƙi Ragi

Mahaifina dillalin dabbobi ne a kasuwar Kawo, kuma har ƙarfinsa ya ƙare bai taɓa yarda da farashin farko da aka faɗa masa ba. Mai rago zai tsuga kuɗi, mai saye ya taya ƙasa-ƙasa, wannan ya ce albarka, wancan ya juya kamar zai tafi. Baba ya tsaya tsakaninsu da sandarsa, ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya ja wancan, ya rage nan ya ƙara can, har a sallama. Abin da ya koya ke nan a duniya: duk wanda ya buɗe baki ƙari yake yi, gaskiya tana can tsakiya, mai hankali shi ne mai raba gardama. Da ya tsufa ya bar kasuwa, sai ya mayar da sana'ar kan rediyo.

Rediyon ƙarami ne baƙi, an ɗaure murfin batirinsa da roba. Tashoshi biyu na ƙasashen waje yake bi, duka da Hausa suke magana, Hausa kuwa mai kyau, wadda ta fi ta yaran da nake koyarwa. Ɗaya daga ƙasar Turawan yamma take watsa shirinta, ɗayar daga wata ƙasa da ba sa ga-maciji da su. In wani abu ya faru a duniya, ta farko ta ce gwamnatin wuri kaza ta kashe mutanenta, ta biyu ta ce ƙarya ne, 'yan haya ne aka biya su ta da fitina. Baba ya ji wannan, ya murɗa ya ji waccan, ya tauna goronsa, sannan ya yanke hukunci: an kashe mutane, amma ba su kai yadda aka faɗa ba, kuma a cikinsu ba a rasa 'yan haya. Daga nan sai ya kashe rediyo ya nemi ruwan alwala.

Majalisar su Baba a ƙofar gidanmu take, gindin darbejiya, daga la'asar zuwa magariba. Tagar ɗakina nan take kallo, don haka na sha labaran duniya ba da son raina ba, ina duba littattafan ɗalibai, su kuma suna raba ƙasashe. Mutum biyu ne ba sa fashi. Akwai Alhaji mai kantin siminti, shi ɗan tashar farko ne, duk abin da ta faɗa ya zauna. Akwai kuma wani tsohon ma'aikacin gidan waya da suke kira Malam, shi a wurinsa ko ruwan sama tashar farko ta ce za a yi, makirci ne. Alhaji in ban da Makka bai taɓa zuwa ko'ina ba, Malam kuwa ko Maraɗi bai taɓa leƙawa ba. Amma sai su yi ta ɗaga jijiyar wuya a kan garuruwan da ko a taswira aka ce su nuna sai sun nemi tabarau sun rasa. In sun gaji su juya wajen Baba, shi kuma ya ba kowa rabinsa, a tashi a yi salla.

Ba zan ɗora wa Baba hauka ba, yana da dalilinsa. Lokacin rikicin da ya raba garin nan gida biyu, kogi a tsakani, an yi ɓarna kuma an rasa rayuka, wannan ba mai musu. Amma akwai ranar da tashar farko ta ce Kaduna gaba ɗaya tana cin wuta, babu unguwar da ta tsira, alhali a ranar muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, akuyar Baba tana cin ɓawon ayaba. 'Yan'uwanmu na Zariya har sun fara karɓar gaisuwarmu. Baba bai manta da wannan ba. Ya kan ce, "Ni da aka kashe a rediyo ina zaune ina shan fura, wa zai koya mini sauraron labari?"

Ɗana na fari a hannun Baba ya tashi. Tun da aka yaye shi aka kawo shi wajen iyayena, kamar yadda ake yi. Ba na kiran sunansa, ba na zama in yi hira da shi a gaban mutane, in ya yi abin yabo sai in kau da kai. Yaran yanzu dariya suke yi wa wannan alkunya, ni kuwa a cikinta na buɗe ido. Shi Yaya yake ce mini, ni kuma in ce "yaron Baba". Bayan mijina ya rasu na dawo gida, ina fita kullum da safe in hau keke napep zuwa makarantar da nake koyarwa a Unguwar Rimi, in dawo in tarar da su biyun suna tsokanar juna. Shi ya ce wa Baba Tsoho, Baba ya ce masa Abokina. Da Innarmu ta rasu, su biyun nan suka zama kamar tsintsiya da maɗaurinta.

Da ya gama sakandare ya ce likita yake so ya zama, bai samu gurbi a nan ba. Baba ya sayar da gonarsa ta Rigachikun, ya tura shi wata ƙasa da yaranmu ke yawan zuwa karatu. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Na gaji da abin da sunan ke jawowa. Duk inda na ambace shi, kafin in rufe baki wanda nake gaya wa ya riga ya zaɓi ɓangare, ya fara yi mini bayanin abin da ya faru da ɗana.

Yana shekarar ƙarshe yaƙi ya ɓarke a babban birnin, inda makarantarsu take. Masu bindiga ne suka rabu biyu, kowane ɓangare da manyan ƙasashen da ke bayansa. Lokacin zafi ne, damina ba ta faɗi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira wayar Baba, Baba ya buɗe muryar don kunnensa ya yi nauyi, ni ina bakin murhu ina ji.

"Tsoho, ana ta harbi fa. Wasu daga cikinmu sun yi hayar mota za su nufi iyaka jibi. Amma makaranta ta ce jarrabawar ƙarshe tana nan, wanda ya tafi ya tafi da asararsa. Ya ka gani?"

"Kai da ke wurin, me idonka ya gani?"

"Ni ɗaki nake, ban fita ba. Ƙara dai muke ji. Mu ma nan labaran waya muke bi, kowa da abin da yake faɗa."

Baba ya ce, "To, bari in ji labaran yamma, zan neme ka."

Yaro yana cikin garin, harsashi na wucewa ta saman kwanonsa, amma sai an jira wasu mutane da ke zaune a ɗaki mai sanyi a wata uwa duniya su faɗi ko ya gudu ko ya zauna. Sai dai shi kansa yaron bai san komai ba bayan layinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma bai san halin da rufin maƙwabci ke ciki ba.

Da yamma majalisa ta cika fiye da kullum. Tashar farko ta ce birnin ya zama kufai, gawawwaki a kan titi, baƙi na tserewa, kuma duk laifin na ɓangaren da ƙasarta ba ta so ne. Tashar ta biyu ta ce ɗan bore ne na wasu tsiraru, an riga an murƙushe shi, kasuwanni a buɗe suke. Har ta sako muryar wani mutum yana tallar burodi, da ƙarar motoci a bayansa.

Alhaji ya ce, "Wallahi a fito da yaron nan. Ba ku ji abin da aka ce ba?"

Malam ya ce, "Haba Alhaji! Ba ka ji mai burodi ba? Garin da ake yaƙi ake tallar burodi? So suke a watse su samu hanyar shiga, haka suka yi wa ƙasa kaza da ƙasa kaza."

Suka yi ta yi. Na lura cewa tun ana maganar yaron har aka manta da shi, aka koma kan man fetur da zinariya da wanda ya sayar wa wane makamai. Da aka kusa kiran salla Baba ya gyara zama ya ce, "Akwai rikici, amma bai kai yadda waɗancan ke faɗa ba, bai kuma kwanta yadda waɗannan ke faɗa ba. Abin kwana biyu ne. Hanya ta fi ɗaki hatsari. Ya zauna ya yi jarrabawarsa."

Da na kai masa tuwo bayan magariba na durƙusa ban tashi ba. Na ce, "Baba, da dai an bar shi ya biyo 'yan'uwansa."

Ya dube ni ya yi murmushi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. "Uwata, yau kuma ke ce da baki a kan ɗan fari? Ina kunyar taki?"

"Baba, karatu ana sakewa."

"Da wace gonar? Kin manta ranar da suka ƙone Kaduna muna zaune? Waɗannan mutane in sun ce goma, ki ɗauki biyar ki ajiye sauran."

Na ce, "Baba, ba rago ba ne fa."

Fuskarsa ta canza. Ya jawo kwanon tuwo gabansa ya ce in ɗauko masa ruwa. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma a gidanmu wannan ma ya yi yawa. Washegari ya kira yaron ya ce ya zauna, yaron ya ce to. Motar ta tafi da waɗanda suka tafi. Bayan 'yan kwanaki layin waya ya ɗauke a ƙasar gaba ɗaya.

Shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Na kira lambar nan har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunta, da harshen da ba na ji. A aji ina rubutu a allo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cikin jaka a kan waya. Na je ofisoshin da aka ce a je, aka rubuta sunansa, aka ce a yi haƙuri ana ƙoƙari. Iyayen yaran da suka dawo na bi su gida-gida, daga Unguwar Sarki har Hayin Banki. Yaran suka ce sun baro shi lafiya, ranar da suka baro shi. Bayan wannan ba wanda ya sani.

Da farko tashoshin biyu kullum da ƙasar suke buɗe labarai, kowace tana lissafa ta'asar ɓangaren da ba nata ba. Ba wadda ta taɓa ambaton unguwar da makarantar take. Sannan wani yaƙin ya tashi a wani wuri da ya fi shafar masu tashoshin, sai sunan ƙasar ya koma tsakiyar labarai, ya koma ƙarshe kusa da wasanni, daga nan ya ɓace. Ba don an daina harbi ba, an dai daina faɗa ne. Majalisa ma ta kwashe kayanta ta koma sabon yaƙin, Alhaji a gefensa, Malam a gefensa, ko wurin zama ba su sauya ba.

Wata rana Alhaji ya aiko mini da wayarsa in kalli wani bidiyo, wai daga garin ne. Gawawwaki ne jere a ƙasa an rufe su rabi-rabi. Na shiga ɗaki na kalle shi ina tsayarwa ina buɗa hoton, ina duba ƙafafu, don yaron yana da tabon ƙuna a idon sawu tun yana rarrafe. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. A rana ta uku na ji Malam ta taga yana ƙyaƙyata dariya, wai jikansa ya gano bidiyon tsoho ne, daga wata ƙasa dabam, shekaru da suka wuce. "Na ce muku ƙarya ce! Alhaji, yau dai ka sha ƙasa!" Murna yake yi ya ci gardama. Na tashi na rufe tagar da ƙarfi har ƙusar sakata ta fita. Ni ma na ji sanyi da ba ɗana ba ne, amma na yi ta tunanin cewa waɗancan ƙafafun ma wata ce ta haife su, ga shi sun zama abin cin gardama a gindin darbejiya a Kawo.

Damina ta sauka, aka yi shuka, masara ta nuna har ana gasa ta a bakin tasha. Baba ya rame. Goro ma ya daina ci. Bayan sallar asuba sai in ji shi yana murɗa rediyo a hankali, yana bi tasha-tasha, har waɗanda ba ya jin harshensu, ko zai tsinci sunan garin. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ce masa ba. In mun haɗa ido sai ya ce, "Tunda ba su faɗa ba, lafiya ce. Mugun labari ba ya ɓuya." Ni kuwa na riga na gane cewa yana ɓuya sarai, in ba wanda zai ci riba da faɗarsa. Na gaji da addu'ar mutane, na gaji da "an ji wani labari?", na gaji da kiɗan da tashoshin nan ke buɗe shiri da shi. Har yau in na ji shi a shagon wani sai in bar shagon.

Ana cikin girbi wata baƙuwar lamba ta kira wayar Baba da hantsi. Murya ce ƙasa-ƙasa ta ce, "Tsoho, kana nan ba ka mutu ba?" Baba ya saki wayar ta faɗi a kan tabarma. Yaron ne, daga wani gari na kan iyakar maƙwabciyar ƙasa yake kira, da wayar wani direba. Ya ce yana hanya.

A tashar Kawo muka tarye shi, motar Kano ce ta kawo shi. Ranar tashar a cike take kamar kullum, 'yan kamasho na ihu, masu tallar ruwa na bin tagogi. Na ga wani dogon mutum ya sauko da leda a hannun hagu, riga ta yi masa yawa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira sunansa, sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban Baba da duk mutanen tasha. Ya tsaya yana waige-waige, don bai san muryata da wannan sunan ba. Da Baba ya miƙa masa hannu, sai ya ba shi na hagu. Na daman yana naɗe a ƙirjinsa, yatsun a sandare, ba sa lanƙwasuwa. Likitocin nan sun duba daga baya, suka ce jijiyoyin sun tafi.

Bai yi magana sosai ba a makonnin farko. Yana cin abinci, yana barci da rana, in an buga ƙofa da ƙarfi ya zabura. 'Yan majalisa sun shigo yi masa barka, kowa da tambayar da ya riga ya san amsar da yake so. Ya ce musu, "Alhamdu lillahi."

Sai ga wani saurayi ya yi sallama wata safiya, ya ce shi wakilin tashar farko ne a nan Kaduna, yana neman ɗaliban da suka dawo. Yaro ne mai ladabi, ɗan Unguwar Shanu, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida Baba. Na zaci ɗana zai ƙi. Sai ya ce a shimfiɗa tabarma a zaure. Baba ya zauna kusa da shi, ni na tsaya a bayan labule.

A nan na fara jin abin da ya faru. Yaron ya ce ɓangare ɗaya ne suka fara shigowa gidan kwanan ɗalibai, suka kwashe wayoyi da abinci, suka yi wa mai gadi dukan da bai tashi ba, suka kafa manyan bindigogi a kan rufin. Ɗalibai suka roƙe su su bari su fita, suka hana, don zamansu a ciki kariya ne gare su. Sannan ɗaya ɓangaren ya turo jirgi ya saki bam a kan ginin, ya san kuwa da ɗalibai a ciki. Abokin ɗakinsa, yaron Gusau, a nan ya cika. Shi kuma ƙarfe ya shige masa hannu. Ya ce wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai sayar da shayi a bakin makaranta, ita ta ja shi da wasu biyu zuwa gidanta, ta ɓoye su watanni, tana raba musu abin da ita ma bai ishe ta ba. In masu bindiga sun zo ta ce 'ya'yan ƙanwarta ne. Ita ta sayar da awarwaronta ta sa su a motar da ta fitar da su. Ya ce, "In za ku faɗi wani abu, ku faɗi matar nan. Ban san ko tana raye ba."

Ya daɗe yana magana, har rana ta take. Wakilin da kansa ya share hawaye. Da zai tafi ya ce, "Baba, ni aikawa nake yi, can ne ake tacewa. Amma in sha Allahu za ku ji shi ran Laraba da yamma."

Ran Laraba Baba ya sayi sabon batir. Majalisa ta cika har da waɗanda ba su saba zuwa ba, aka ƙaro benci daga shagon tela. Yaron bai fita ba, yana kwance a ɗakin Baba. Ni ina bakin taga, wadda na sa aka gyara mata sakata.

Aka yi labaran sabon yaƙi, aka yi na zaɓen wata ƙasa. Can sai mai karantawa ya ce ɗaliban da suka tsira sun ba da shaidar irin ta'asar da ɓangare kaza ke yi. Sai ga muryar ɗana, a sarari kamar yana zaune a kan bencin: "Jirgi ne ya saki bam a kanmu, sun san kuwa da ɗalibai a ciki. Abokin ɗakina a nan ya cika." Daga nan mai karantawa ya dawo, ya ce masana sun ce wannan ya ƙara tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa. Sai kiɗan wasanni.

Babu masu bindigar da suka hau rufi, babu mai gadi, babu tsohuwa mai shayi. Ɓangaren da ya saki bam shi ne wanda ƙasar masu tashar ba ta so. Ɗayan kuwa nasu ne.

Alhaji ya buga cinya. "Kun ji ko! Daga bakin yaronmu! Malam, sai ka ce me?"

Malam ya taɓe baki ya ce, "Ai an san yadda ake yi. Rubuta musu ake yi a ba su su karanta, a ɗan sa musu wani abu a aljihu." Sai da maganar ta fita ya tuna a ƙofar gidan wa yake zaune. Ya fara "Ba wai ina nufin..." ya rasa ƙarshenta.

Baba bai kalli ko ɗayansu ba. Rediyon yake kallo. Ya ɗaga shi ya kara a kunne, ya ɗan girgiza shi kamar batir ne ya yi sanyi. Ya ce, "Ina sauran?"

Ya sauke rediyon daga kunne ya ci gaba.

"Ina nan zaune aka yi maganar nan, tun hantsi har azahar. Ina matar? Ina waɗanda suka hau rufi?"

Alhaji ya ce, "Ai lokaci ne ba su da shi, Baba. Amma dai abin da ya faɗa gaskiya ne, ko ba gaskiya ba ne?"

"Gaskiya ne," in ji Baba. Sannan ya ce, da murya irin ta mai magana da kansa, "Mai rago ƙari yake yi, amma ragon gaba ɗaya yake kawowa kasuwa, ka duba haƙori ka taɓa ƙugu. Waɗannan ƙafa ɗaya suke nuna maka. Ni kuma na zauna shekara da shekaru ina yi wa ƙafa ɗaya ragi."

Suna jira ya raba musu kamar kullum, bai raba ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe tun ba a kira salla ba, ya bar rediyon a kan benci yana ta faɗin wanda ya ci ƙwallo. Ni na aika aka ɗauko shi daga baya, da aka fara yayyafi.

Na ji shigar Baba ɗaki. Na ji ya ce, "Abokina, tashi zaune."

"Tsoho, ka ji ni a rediyo? Na zama babban mutum."

"Na ji abin da suka bari. Ranar da ka kira ni, ka ce ƙara kuke ji. Wace irin ƙara ce? Ban tambaye ka ba."

Yaron ya ce, "Irin wadda gini ke rawa."

"To, faro mini daga nan. Kada ka rage komai, ni ma ba zan rage ba."

Na zo bakin ƙofar da kwanon abinci na tsaya. Baba ya ɗago ya gan ni, ya matsa gefe a kan tabarma ya ce, "Shigo ki zauna, Uwata. Ɗanki ne." Na shiga na zauna. Baba ya jawo hannun nan na dama ya ɗora a kan gwiwarsa, yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, yana gwada lanƙwasa su a hankali, suna komawa yadda suke. Aka kira magariba, yaron bai ma kai ranar da jirgin ya zo ba.